Allon da Ya Fi Son Hannun Taubashina

Shekara goma sha ɗaya ina kaɗa fiyano a wani ɗan situdiyo a Birnin Kebbi. Akwai mawaƙin da tun waƙarsa ta farko ni nake yi masa kiɗa, kuma duk aikin da nake samu ta dalilinsa yake zuwa. In ya juya mini baya, kashina ya bushe. Na san haka, shi ma ya sani.

Don in burge shi na sa aka kawo mini wani allon kiɗa daga waje. Baƙi ne, shimfiɗaɗɗe, samansa roba mai laushi, ba maɓallin da ke nutsewa. Shi kansa ba ya da murya. Waya ake jona masa da kwamfuta, ya riƙa gaya wa manhajar sauti inda yatsa ya sauka, ƙarfin dannawa da inda ya zame, ita kuma ta fitar da algaita ko goge ko abin da ka zaɓa.

Sati biyu muna kokawa da shi. Yatsuna sun saba su buga su ɗaga, shi kuwa so yake a kwantar da yatsa a lallaɓa. Duk abin da na kaɗa sai ya fito kamar kukan akuya a turke.

Ana cikin haka taubashina ya zo daga Argungu, ɗan kawuna, da buhun shinkafar da aka aiko wa mahaifiyata. Dangin uwata makaɗa ne, shi kuma tun yana ƙarami kalangu ke maƙale a hammatarsa. Ko saƙo a waya sai an karanta masa. Ya leƙo situdiyo ya tarar da ni da mawaƙin, ya nuna allon da baki.

"Kai, mai ƙaton kai, wagga tabarma ta mi ce?"

"Ba ta irinku ba ce," na ce. "Wanke hannu kafin ka taɓa."

Bai wanke ba. Ya ɗora yatsu biyu, ya danna, ya saurara. Ya sassauta, ya ja su gefe, muryar ta bi shi ta sauka. Sai ya yi dariya.

"Ashe kalangu ne anka shimfiɗe. Matsawa ɗai shika so."

Mai kalangu da matsa tsirkiya yake ɗaga murya, ya saki ta sauka, har gangar ta yi magana. Abin da hammatarsa ta yi shekara talatin tana yi shi ya mayar kan yatsunsa. Kafin shayinmu ya huce, algaitar cikin kwamfutata tana kiran "mai ƙaton kai" sarai, kowa ya gane. Daga nan ya shiga wani taken masunta na garinsu, a hankali. Mawaƙin ya miƙe tsaye, hannunsa a ka. Ni shekara goma sha ɗaya bai taɓa miƙe mini ba.

"Ranar Alhamis ka dawo," ya ce masa. "Sabuwar waƙata da hannunka nika son ta."

Na yi murmushi, na ce madalla. Amma abin da ke raina daban ne. Kishi ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Allona, kwamfutata, kujerata, ga mutumin da bai san inda ake kunna kwamfutar ba ya zo ya zauna daram. Kwana uku ina gwada abin da ya yi, ina ƙara tsanar yatsuna.

Ranar Alhamis na yi sammako. A cikin manhajar akwai wurin da ake kashe jin dannawa da jin zamewar yatsa. Na kashe su duka biyun. Allon zai yi ƙara, amma kowace murya a sandare, daidai da fiyano.

Taubashina ya iso da hantsi cikin sabuwar shadda, har da turare. Ya zauna, ya ɗora yatsu, ya matsa. Muryar ta tsaya ƙiƙam. Ya ja gefe, ta yi tsalle zuwa ta gaba ba lanƙwasa. Ya goge hannu a riga ya sake. Ni ina gefe ina ta taɓe-taɓen wayoyi, wai ina neman matsala. Da mawaƙin ya gaji da duba agogo, sai ya juyo gare ni.

"Bari dai mu yi da fiyanon, kamar kullum."

Abin da na so ji ke nan, kuma na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Taubashina ya koma kan benci ya zauna har muka gama, hularsa a gwiwa. Ya ce wa mawaƙin ya yi haƙuri, wataƙila ran nan sa'a ce kawai.

Bayan azahar na ɗauke shi a babur zuwa tashar motar Argungu. Sai da ya sa ƙafa ɗaya cikin mota ya juyo.

"Hwatar ganga in ta mutu, ana jin ta mutu. Wagga ba mutuwa tay yi ba, ɗaure ta anka yi."



"Ni ba kujerarka nika so ba," ya ce. "Ina da gonata, ina da gangata. Da ka ce in gwada maka, wallahi kwana bakwai sun ishe mu."

Ya shiga, aka ja ƙofa. Na tsaya riƙe da babur har motar ta fita tasha. Kunyar ta zo daga baya, kuma ta daɗe. Amma Allah ya sani, abin da ya fara cin raina a wurin shi ne, ashe har kunnen ma ya fi ni.