Direba da Shukokin Gaban Taga

Shekara da shekaru Direba yana jan bas daga wannan gari zuwa wancan, har idonsa ya fara gazawa, kamfani ya sallame shi da godiya da agogon bango. Ya dawo gida da murnar yanzu zai zauna da matarsa su sha hira. Sai ya tarar an riga shi.

A falonsu na saman bene, gaban taga, robobi ne a jere: barkono, tumatir, na'a-na'a, da wata mai faɗin ganye da ba ta haifar komai. Babu ƙasa a cikinsu. Niƙaƙƙen ɓawon kwakwa ne mai zare-zare, wanda autarsu ta kawo wa uwar a dunƙule kamar bulo, aka jiƙa shi ya kumbura ya cika baho.

Kullum da safe, kafin ta ɗora masa shayi, sai ta tara ruwan famfo a bokiti, ta zuba taki, ta tsoma wani abin awo mai kama da biro. In lambar ta haura shida sosai, ta ɗiga maganin ƙara tsami, ta juya, ta sake aunawa. Sannan ta bi robobin tana zubawa har ruwa ya tsiyayo ta ƙasa.

"Ni da na tsufa ina shan ruwan nan, ba a taɓa auna min ba," in ji shi.

"Kai cikinka ko ƙarfe zai narkar, Malam. Su kuwa in ruwan bai yi ɗan tsami ba, ga taki nan amma saiwarsu ba za ta iya sha ba."

"To, Allah ya ja zamaninsu."

Abin yana ci masa rai ba kaɗan ba. An mayar da kujerarsa bayan ƙofa don kada ya tare musu rana. Zai yi tari ko juyowa ba za ta yi ba, amma ganye ɗaya ya lanƙwashe sai ka ji salati. Don haushi ya laƙaba wa barkonon suna Maigida. Abokansa na shagon aski har sun haddace ƙorafin.

Ana haka autar ta haihu a garin da take aure, uwar ta shirya tafiya. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani tiryan-tiryan, yana gyaɗa kai, hankalinsa na kan rediyo. Tana fita ya koma ɗebo ruwan famfo yana sheƙa musu ranar da ya tuna. Ba a daɗe ba ɓawon ya bushe ya janye daga jikin roba, sabbin ganyen suka yi rawaya, jijiyoyinsu kawai ne kore.

Da ta kira waya ta ce, "Ya maigida?"

Daɗi ya kama shi. "Lafiya lau, sai ciwon gwiwar nan."

"Barkonon nake tambaya, Malam."

Ya ajiye wayar ya harari barkonon. Da farko har ya ji sanyi a ransa ganinsa a yamutse. Sai dai shi mutum ne da bai taɓa tayar da mota ba tare da ya duba mai da ruwa ba, kuma ya tsani a ce abu ya lalace a hannunsa. Ya ɗauko abin awon, ya gyara ruwan, ya wanke ɓawon da shi har gishirin takin ya fita, ya daina barin sa ya bushe. A hankali kore ya dawo, barkonon ya yi fure fiye da da.

Ranar da ta dawo, maƙwabciyarsu ta shigo barka, ta kalli tagar ta ce, "Ashe Baba ne mai hannun! Ban taɓa ganin sun yi kyau haka ba."

Washegari ya nemi abin awon ya rasa, matarsa kuwa tana ta ɗinki kamar ba ta san zancen ba.

Bai yi faɗa ba. Ya fita ya sayo nasa, da bulon ɓawo da robobi, suka raba tagar biyu. Har yanzu haka suke, kowa da bokitinsa, kowa na satar kallon ganyen ɗan'uwansa. A shagon aski kuwa ƙorafin ya canja: wai ɓangarenta ne rana ta fi haskawa, kuma da gangan ta zaɓa.