Kawu Sitati da Guntun Littafinsa

Ƙanin mahaifiyata mai wanki da guga ne, kuma duk layinmu Sitati ake ce masa, ba don sitacin da yake sa wa kaya ba, sai don shi kansa ba ya lanƙwasuwa. Shekara talatin yana shago ɗaya: tebur da tsohon bargo a kai, dutsen guga biyu na gawayi, igiya daga bango zuwa bango. Rigunansa biyu ne rak, amma karin gugarsu kamar bakin wuƙa. In wani mai hali ya ba shi kwancen riga, sai ya wanke ta, ya goge, ya mayar masa a ninke.

Wannan taurin kai a littafi ya samo shi. Tun yana saurayi ya tsinci wani tsohon littafin labari a sharar wani gida da yake karɓo wanki, ba bango, shafukan ƙarshe kuma sun yage. Labarin wani akawu ne, talaka talak, wanda attajiran gari suka yi ta miƙa wa hannu yana kawar da kai. Kawu ya karanta shi har ya haddace. In aka taɓo zancen akawun sai ya buga tebur ya ce, "Namiji ke nan!"

Da girma ya kama shi, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ɓoye mana, yana lalube yana cewa hayaƙin gawayi ne. Wani likitan ido da ya shekara ashirin yana kawo masa kaya shi ya fara ganewa.

"Baba, ka zo asibiti ranar Talata," in ji likitan. "Aikin rabin awa ne, kuma kyauta zan yi maka."

"Likita, kaya nake karɓa a hannunka, ba sadaka ba."

Da na ji wannan amsa raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni. Mai guga in ya makance, ina sauran sana'a? Na yi lallashi, na yi faɗa, kamar da dutse nake magana. Da yake adabi nake koyarwa a sakandare, sai na shiga ɗakin karatun makarantarmu na yi ta tono har na samo littafin nan cikakkensa. Ni ma ban taɓa sanin yadda ya ƙare ba.

Ran Asabar da la'asar na zauna a kan bencin shagon na karanta masa shafukan da bai taɓa gani ba. Akawun ya kwanta ciwo. Maƙwabcinsa ya turo masa likita, ya kulle ƙofa ya ƙi buɗewa. Sai bayan kwana uku aka fasa ƙofar aka iske gawarsa. Washegari aka ɗora wani a kujerarsa ta ofis, attajiran kuwa ko labari ba su ji ba.

Kawu ya ajiye dutsen guga, ya juyo gare ni.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

"Wanda ya rubuta wannan bai san talaka ba."

"Ko bai sani ba, ai kai ma ƙofar kake kullewa."

"'Yar nan, bakinki ya fi dutsen guga zafi." Ya shafa fuska, ya yi ajiyar zuciya. "Shekara talatin ashe sakarai nake bi a baya."

Ranar Talata na raka shi asibiti. Ya bi layi kamar kowa, ya hana ni ko leƙawa in ce wa likita mun iso. Aka yi aikin lafiya. Washegari likitan da kansa ya kwance masa bandeji, ni kuwa ina gefe.

Kawu ya ƙifta ido, ya sake ƙiftawa. Bai dube ni ba, bai dubi taga ba. Wuyan rigar likita ya zura wa ido, inda wani tabon ƙuna ya kwanta ja wur.

"Likita, wane maras kunya ne ya ƙona maka riga haka?"

"Kai ne, Baba. Wata huɗu ke nan. Akwai guda uku irinta a gida."

"Kuma kake sawa? Ka ci gaba da kawo mini kaya ba ka ce komai ba?"

"Da na ce, ai da ka rufe shagon."

Ban taɓa ganin hawayen Kawu ba sai ranar. Ya kama hannun likita da hannu biyu ya ce, "Na gode, ɗana."