Talatar da Na Ɓoye Masu Tari

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da Talatar da Baƙin Sama suka zo wurin fasa dutsenmu na Mpape ba. Ni ne shugaban leburori a lokacin.

Ga waɗanda ba su riski abin ba, halittu ne daga wata duniya, jirginsu ya yi wata uku tsaye a saman Abuja. Kowane wurin aiki sukan ziyarce shi sau ɗaya tak. In sun tarar da zalunci, su ɗauke shugabannin wurin, ba a sake jin ɗuriyarsu. Wanda aiki ya nakasa kuma su warkar da shi nan take.

Ana jibi za su zo manaja ya kira ni, yana ta sharce gumi. Ya ce, "Ka dai san yadda muke yi."

Na sani mana. Duk sanda masu duba aiki za su zo, sai a shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, a aro hulunan kwano, a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, masu tari kuma a kai su bayan tsauni. Kwana biyu na yi ina kai da kawowa.

Cikin masu tarin akwai Baba Sale, dattijon da ya koya mini riƙon guduma. Ƙurar dutse ta gama cinye masa huhu. Da na zo tafiya da shi ya riƙe mini riga.

"An ce suna warkarwa, ɗana. Bar ni su gan ni."

"Baba, in suka gan ka, har da ni za su ɗauka."

Na kama hannunsa, ya bi ni.

Ranar Talatar Baƙin su uku suka sauko, dogaye, ba fuska. Ɗaya ya tambaya da Hausa tsaf, "Akwai mara lafiya a nan?" Leburori suka sunkuyar da kai. Na ce babu. Ko minti goma ba su yi ba suka tashi.

Baba Sale bai ga ƙarshen damina ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku ji da kyau. Mun saba rufa wa wurin aiki asiri har ba ma iya bari ko da mai ceto ne ya zo. Nakan zagi manaja a zuci, amma shi bai taɓa Baba Sale ba. Ni na kama hannunsa na kai shi bayan tsauni.