Gwajin Kaya a Bayan Shago

Jiya a jirgin ƙasa mai zuwa unguwar Panyu wani yaro ya danna abin wasansa, ya yi wata ƙara siririya kamar an take wutsiyar ɓera. Kafin in ankara na sunkuyar da kai. Ga ni uwar 'ya'ya, amma kunya ta lulluɓe ni kamar yau abin ya faru.

Ni 'yar fari ce, Babana kuwa Bakano ne na gaske. Ya kwaso mu ya kawo Guangzhou, amma kunyar ɗan fari bai baro ta a gida ba. Bai taɓa kiran sunana ba. Ƙannena su yi ta hawa wuyansa, ni sai dai in ajiye masa ruwa in juya. In na ce abin bai ci mini rai ba na yi ƙarya.

A lokacin nan da bango ke gumi, wanki ya yi kwanaki bai bushe ba, wani lawban, wato ɗan kasuwar Sin, ya kawo masa samfurin na'urar wasa shagonsa na kasuwar Tianxiu, ko zai saya ya tura Kano. Wasan faɗa ne a ciki. Kada ka wahalar da kanka, ba ka san shi ba. Ni ma da na girma na zaga kasuwanni nemansa, kowa sai ya kaɗa hannu ya ce "meyo", babu. Kuma ba a yi asarar komai ba. 'Yan damben duk mutum ɗaya ne aka sauya wa launin wando. In ka yi tsalle kusa da bango sai ka maƙale a sama. Akwai wani tsoho mai sanda da in ya shiga sharar ƙafa, ba mai sake tashi.

Rubutun cikinsa na Sinanci ne, ni ce kuma ke zuwa makarantarsu. Sai Baba ya aiko ta bakin Umma cewa in riƙa biyowa shago bayan la'asar a gwada kaya. Mu zauna a kan kwalaye, idonsa a talabijin, kafaɗarsa na gugar tawa, ƙamshin turarensa ya gauraye da warin danshi. Tsohon nan yake ɗauka kullum. In ya maƙale a sama sai ya yi dariya har da hawaye. Gwajin nan bai ƙare ba har zafi ya shigo.

Ranar da na fara cin sa, na'urar ta yi siririyar ƙarar nan, na miƙe na kurma ihu na ce na kashe Baba. Ashe amininsa na tsaye a bakin ƙofa da wasu baƙi daga Kano. Ya yi salati, ya ce, "Alhaji, da 'yar fari? Lallai zaman Sin ya cinye maka kunya."

Aka yi dariya. Baba ya ajiye abin dannawar a hankali, ya gyara hula, ya fita gaisawa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Washegari na tarar an naɗe wayoyin, kuma ba a sake aikowa in zo ba.

Sai da na haihu Umma ta gaya mini cewa tun ranar farko ya ce wa lawban ɗin kayan banza ne, ba ya so. Samfurin kawai ya saya ya ajiye.

Yanzu zamani ya juya. Ɗana na fari, a tsakiyar kasuwa nake ƙwala masa kira, ba mai waiwayowa. Yakan ci ni wasa a waya ya yi ihu, ba na hana shi ko da baƙi. Baba kuwa ya koma Kano, hannunsa na rawa, ko cokali sai an riƙe masa. Kullum nakan ce yau in mun yi waya zan faɗa masa na sani. Sai ya ɗauka, in gaishe shi, in tambayi jiki, in ce a ba Umma.