Kalmar Sirrin Ordinatar Kwalej

Ba katanga ce ke tsare al'umma ba, kalmar sirri ce. Wannan shi ne imanina a shekarar da aka damƙa mini ordinatar kwalej ɗinmu a Madarumfa, wato kwamfutar makarantar, ita kaɗai, da makin kowane ɗalibi a cikinta. Na ƙera kalma mai tsawo, da haruffa da lambobi, ina sauya ta duk wata. Na kafa doka cewa baƙon kile, ɗan abin nan na ajiye bayanai da ake soka wa ordinata, ba ya shiga injin nan. Kwafin makin kuwa yana cikin nawa kilen, cikin gwangwani, cikin akwati, a gida.

Saura kwana uku malamai su zauna su yanke wa zai wuce aji wa zai maimaita, sai ga darakta da kile a hannu. Shi ya koya mini karatu tun ina ɗan firamare.

"Ɗana, katin sunan jikata ne, a Maraɗi aka tsara mini. Buga mini ashirin."

Na san gidajen ordinatar haya na Maraɗi, inda kile ke shiga lafiya ya fito da cuta. Dokata ta taso har maƙogwaro, ta ga furfurarsa, ta koma.

"To, Baba," na ce.

Katin ya fito da kyau. Da na buɗe wurin makin, sunayen azuzuwan na nan, ciki babu komai. Na rufe, na sake buɗewa. Zufa ta jiƙa mini riga, ga panka na juyawa. Yaran nan sun tafi da takardun jarrabawarsu tuntuni, wasu an riga an ƙunshe ƙosai da su. Na tuna wata yarinya daga garin Sarkin Yamma da ta tsallake da ƙyar, wadda babanta ya ce in ta maimaita aji, karatu ya ƙare. Da me zan shaida ta ci?

Na hau moto zuwa gida, ban gaida masunta a bakin tafki ba, abin da ban taɓa yi ba. Na dawo da kilena, na soka shi cikin injin da ke da cutar. Ni, mai wa'azin kada a yi haka. Ina kallo shi ma ya zama fanko.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Sakatariyarmu, dattijuwa mai jiran ritaya, ta leƙo, ta kira ni yadda ake kiran malamai a nan.

"Mushe, rasuwa aka yi?"

Na faɗa mata. Ta jawo durowa, ta aje mini damin takardu, makin kowane aji, bugun Jumma'ar da ta wuce. Na lalubo sunan yarinyar, yana nan da makinta. Duk Jumma'a, in mun tafi masallaci, takan buga, don ita ba ta yarda da abin da kuran, wato lantarki, ke riƙe da ransa ba.

Sai wani tsoron ya kama ni.

"Hajiya, wa ya ba ki kalmar sirrin?"

"Kai mana. In kana buga ta faɗa kake da ƙarfi, harafi-harafi, kamar kana ba yara dikte. Ta wannan watan ma ta fi wuya, sai da mai gadi ya gyara mini."