Ranar da Mijina Ya Buɗe Akwatin Bature

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa daga kai, amma ranar da mijina ya buɗe akwatin kwalaben nan ba za ta taɓa fita ba, sai dai a binne ni da ita.

Mu mutanen kudancin Bauchi ne, aiki ya kawo mu cikin gari. Mijina ya yi shekara goma sha biyu yana kula da teburin wani Bature a bariki. Baturen nan yana son giyar inabi, irin wadda ake kawowa daga ƙasarsu, kuma da ya lura mijina yana da hanci, sai ya koya masa ɗanɗana ta. Mijina yakan zuba kaɗan a tambulan, ya ɗaga ya duba launinta, ya shinshina, ya kurɓa ya juya a baki, sannan ya tofar a wani ɗan kwano. Bai taɓa haɗiyewa ba, don cocinmu ya hana sha, kuma yana alfahari da hakan. Duk rangadin da Baturen zai je, Jos ko Gombe ko Azare, da shi ake tafiya, saboda zafin hanya yana ɓata giya, shi ne zai ce wannan ta mutu, wannan da sauranta. In ya dawo sai ya zauna kusa da murhu yana gaya mini wata tana ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, wata kamar ɗinya da ta nuna. Ni kuwa ina tuƙa tuwo ina cewa to.

Ana gab da samun 'yancin kai Baturen ya tattara ya koma gida. Ya bar wa mijina takardar shaida da akwati guda na kwalaben giyar. Ba inda bai kai takardar nan ba. Manyan ma'aikatan da suka shiga gidajen bariki yawancinsu ba sa sha, masu sha ɗin ma ba ruwansu da ta inabi. Ya je har Jos. Wani mai otal ya karanta takardar, ya miƙo masa, ya ce, "To, ka iya wanke kwanuka?" Da ya dawo, kwana biyu bai fita ƙofar gida ba.

Makon bikin 'yanci, gari ya cika da tutoci, ran Lahadi da rana ya ce in share tsakar gida. Ya gayyato kawunsa da wasu 'yan ƙauyenmu da ba su rabu da burukutu ba. Ya sa farar rigarsa ta aiki, ya kife turmi ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai. Tambulan ɗaya muke da shi, sauran aka ba su ƙwarya. Sai yanzu na gane so yake ko mutum ɗaya ya ga abin da ya iya.

Ya buɗe akwatin ya ɗauko kwalba, ya zuba wa kawunsa, ya ce, "Kawu, kada ka shanye. Ka fara shinshinawa."

Kawu ya kafa kai ya shanye, ya yamutsa fuska. "Kai, ɗana! Wannan ai ruwan tsamiya ne da ya kwana. Abin da ka yi shekara goma sha biyu kana bauta wa ke nan?"

Kowa ya fashe da dariya. Wani ya ce a ba shi ruwa ya kurkure baki, wani ya ɗaga ƙwarya sama yana kwaikwayon mijina. Mijina ya juyo ya dube ni. Ni ma dariya nake yi, har da riƙe ciki. Allah ya sani ba da mugunta na yi ba, fuskar Kawu ce ta ba ni dariya. Amma abin da ya gani ke nan.

Ya cika tambulan fal. Bai duba ba, bai shinshina ba, ya shanye.

Na ce, "Baban yara, ga kwanon tofarwa fa."

Ya ce, "Bar shi. Wa zan gaya wa ɗanɗanonta kuma?"

Cikin kwana huɗu akwatin ya zama wayam. Daga nan sai gidajen burukutu, daga baya kuma duk abin da ya samu. Fasto ya zo ya gaji. Na samo mana gona a Inkil ko noma zai ɗauke masa hankali, ni kaɗai na nome ta. Na durƙusa na ba shi haƙuri ba sau ɗaya ba, sai ya ce, "Me kika yi?" ya fice. Damina ta shida ya rasu a asibiti, ciki a kumbure, idanu rawaya.

Mutane sun ce giya ce ta kashe shi, ban musa ba. Amma ni na san ranar da abin ya fara, kuma ina wurin. Abin da na koya, bayan ba shi da sauran amfani gare ni, shi ne in mutum ya fito da abin da ya rage masa a duniya ya ajiye a gabanka, ko ba ka fahimce shi ba, ka riƙe dariyarka. Watakila fuskarka ce ta ƙarshe da zai duba.