Karatu a Kunnen Saniya

Allah bai yi ni da haƙuri ba, kowa ya sani. Ko a ofis, in mutum ya tsaya jan magana, ni ke ƙarasa masa. Sai ga shi an ba ni 'ya mai in'ina.

Tana aji uku na firamare, ranar da aka ba da dogon hutu, malamarsu ta tare ni a bakin ƙofa. "Hajiya, rubutunta ba laifi, amma ko layi ɗaya ba ta iya karantawa a gaban aji. In an dawo zan sake gwada ta. In ta kasa, sai dai ta maimaita." Maimaitawa kuwa zama aji ɗaya ne da ƙaninta, mai baki kamar aku. A cikin adaidaita ta gaya mini da ƙyar cewa in haka ta faru, ita da makaranta har abada. Na san ba wasa take ba, taurin kaina ta ɗauko.

Sai na ƙirƙiro wasa. Kullum bayan la'asar mu shimfiɗa tabarma mu buɗe gidan rediyo, ludayi ne abin magana. Kowa ya rubuto labaran unguwa ya karanta: akuyar maƙwabta ta cinye masarar wane, ruwan jiya ya kada katangar wance. Wanda bai yi tuntuɓe ba, tuwon madara nasa ne. Kai, wauta! Da hannuna na shirya gasar da ba za ta taɓa ci ba. In ta maƙale sai in jefa mata kalmar, wai taimako nake.

Ran nan ta ajiye ludayin ta ƙi ɗauka. Raina ya ɓaci, na daka mata tsawa: "Buɗe baki ki yi magana, malama!" Kwana uku da ka take amsa mini. Tsoro ya kama ni sosai, ga hutu yana tafiya.

A haka muka taso daga Dutse muka je rugarmu ta wajen Jahun gaida Inna, mahaifiyata. Wuni ɗaya ta yi tana kallonmu, ta ce, "Ke, bakinki ya yi wa yarinyar nan yawa."

Akwai wata jar saniya, haihuwar fari, mai harbi, ta sha kifar da ƙwarya. Da sassafe Inna ta kira jikarta. "Zo nan, ƙawata. Wannan ba ta tsayawa a tatse ta sai tana jin murya a kunnenta, ni kuma bakina ya gaji. Ɗauko littafinki." Ta juyo kaina. "Ke kuma koma can wajen maruƙa. In na ji ko tarinki, ki kama hanyar Dutse."

"Inna, ƙahon fa!"

"Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Na koma wajen maruƙan, ina hangen su. Yarinya ta tsaya dab da wuyan saniya, ta buɗe littafi. Ta fara ƙasa-ƙasa, ta zo kan "kasuwa" ta maƙale. "Ka… ka…" Saniya ta kaɗa kunne, ta ɗaga ƙafar baya. Wallahi kalmar tana kan harshena, kamar in yi ihu da ita. Inna da ke tsugune da ƙwarya ko ɗagowa ba ta yi ba. Can kalma ta fito, ƙafa ta sauka, na ji ƙarar nono a ƙwarya.

Sati uku muka yi, kowace safiya haka. In'ina ba ta tafi ba, tana nan har yau. Amma ta gama littafin, ta sake shi daga farko.

Ranar gwaji na ƙi zuwa ofis, na laɓe a jikin tagar ajinsu. Malama ta miƙa mata littafi. Layi biyu lafiya lau, a na uku ta tsaya cak. Wani yaro ya fara dariya. Ta ɗago, muka haɗa ido ta taga. Na san kalmar, na ji ta a gida ya fi a ƙirga, leɓena har ya fara motsi. Sai na cusa bakin mayafina a baki na cije. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Ta mayar da ido kan takarda, ta fito da kalmar da kanta, ta kai ƙarshen shafi.

A hanyar gida, da takardar shiga aji huɗu a jakata, na tambaye ta me ya sa karatu ya fi mata sauƙi a gaban saniya.

Ta daɗe kafin maganar ta fito, na kuma jira.

"Umma, ita ba ta ƙarasa mini."